Kwat suka ce, ko rigar sanyi?

Tun ranar da hazo ya fara sauka bana na ciro tawa daga ƙasan akwati. Ruwan toka ce, mai zif, hannunta ya ɗan fi nawa tsawo, sai na naɗe bakin. Da asuba nakan ɗora ta a kan jallabiya in nufi masallacin unguwarmu a Ƙofar Marusa, kafin ƙarfe sha ɗaya kuwa ta zame mani kaya, in rataye ta a bayan kujera a ofishin malamai. Maiɗakina rigar sanyi take ce mata. Wanda ya sayar mani da ita jaket ya kira ta. Autarmu kuwa duk abin da ya fi taguwa kauri suwaita ne a wurinta. Shekara da shekaru ban taɓa damuwa da wane ne ya fi gaskiya a cikinsu ba, sai da suna ya so ya jefa ɗan yayata cikin wahala a ƙasar mutane.

A shekarar 2023 ne yaron ya sami gurbin karatun digiri na biyu a Ingila, a garin Mancesta. Cikin takardun da makarantar ta turo masa akwai ta shawarwari ga baƙin ɗalibai, a ciki aka ce kowa ya tanadi coat mai kauri kafin sanyi ya shigo. Da yake karanta wa mahaifinsa, sai ya faɗe ta yadda bakinmu ya saba: "Baba, sun ce a zo da kwat mai kauri." Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, mutum ne da ba ya son a ce ɗansa ya je wani wuri an fi shi shiga. Bai yi shawara da kowa ba. Ya sayi baƙin yadi mai tsada, ya ja yaron wurin tela aka gwada shi, aka ɗinko kwat da wando har da shafi a ciki.

Ranar da aka karɓo ɗinkin Yaya ta aika a kira ni. Na tarar da yaro tsaye a tsakar gida, kafaɗa ta miƙe, wuya a buɗe har ƙirji, maɓalli biyu tal, kai ka ce lauya ne zai shiga babbar kotu. Cikin watan Agusta ne, gari ya yi lumshi, zufa tana keto masa.

Yaya ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Malam, dubi yaron nan. Wai wannan ce za ta tare mashi sanyin Turai?"

Alhaji ya ce, "To ba kwat suka ce ba? Ga ta nan. Har na ce wa telan ya sa yadi biyu."

Na rasa ta inda zan fara, don a Hausarmu Alhaji bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ka tare duk wanda ka ga dama daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga ka ce ya kwatanta maka kwat, abin da zai kwatanta ke nan: rigar ma'aikacin banki, ta lauya, ta mai karanta labarai a talabijin, ta ango in ɗan boko ne. Kalmar daga Turanci muka aro ta, amma ba mu aro ta daga bakin Bature mai rawar ɗari a ƙasarsu ba. A jikin joji da di'o da malamin makaranta muka gan ta, a ofis, a ƙasar da ba a buƙatar kauri. Rabin ma'anar da ya iso mana shi muka riƙe. Su kuwa can, idan uwa ta ce wa ɗanta ya ɗauki kwat ɗinsa kafin ya fita, abu mai nauyi take nufi, wanda ake sawa a kan sauran tufafi, ya rufe wuya, sau da yawa ya sauko har cinya ko gwiwa, a tuɓe shi a rataye da an shiga ɗaki. Irin tamu ta ofis ba ita suke nufi ba sam.

Da na koma gida abin ya tsaya mani a rai, sai na lura ba yau muka fara ba. Dubi alkyabba. A ƙasashen Magrib, inda ta fito ta biyo ayarin Sahara, babban mayafin ulu ne mai hula, makiyayi da matafiyi suna lulluɓa da shi saboda sanyin tsaunuka da na dare. Da ta iso ƙasar Hausa sai sarauta ta karɓe ta. Yau in ka ga alkyabba a Katsina, to ko naɗi ake yi, ko hawan salla ne ka tsaya a Ƙofar Soro kana kallon hakimai, ko liman ne zai hau mumbari, ko amarya ce ta gidan sarauta. Ba wanda zai ce sanyi ya dame shi bari ya ɗauko alkyabba, sai dai in yana neman a yi masa dariya. Kamar duk rigar da ta zo mana da sunanta na yanka, girma ne ke ƙwace ta. Abin da aka bar wa sanyi shi ne wanda ba shi da suna sai na aikinsa: rigar sanyi.

Ni kuwa sunan nan yana burge ni, don bai damu da ɗinki ba. Mai zif ce ko mai maɓalli, saƙar ulu ce ko leda, mai hula ce ko marar hula, ta maza ce ko ta mata, in dai don sanyi aka sa ta, ta ci sunan. Yadda muke cewa rigar ruwa, rigar barci, rigar makaranta. Ɗalibaina na aji uku na taɓa tambayarsu me ya sa ruwan sanyi yake nufin ruwa mai sanyi, amma rigar sanyi ba ta nufin riga mai sanyi. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, ai kamar maganin sauro ne da maganin ƙarfi. Ɗaya korar abin yake, ɗaya kawo shi yake." Ban ƙara komai a kai ba. Ɗan harafin nan da ke liƙa kalma da kalma ba ya faɗa maka alaƙar da ke tsakaninsu, sanin duniya ne ke faɗa maka, shi ya sa baƙo mai koyon Hausa yake tuntuɓe a nan, ɗan shekara huɗu kuwa ba ya yi.

Sauran sunayen duk a ƙarƙashinta suke zaune. Suwaita ita ce ta saƙa, wadda ake zurawa ta ka, irin wadda mata ke saƙa wa jarirai da zaren ulu da kwarashi, haɗe da hula da safa, tun ciki yana wata bakwai. Jaket ta 'yan kabu-kabu ce da masu gadi, gajera, mai santsi a waje, iska ba ta ratsa ta. Amma iyakar ba ta da ƙarfi. A gidaje da yawa suwaita ta haɗiye jaket, a bakin samari kuma jaket ta haɗiye suwaita. Tsofaffi ba ruwansu da wannan rabe-rabe.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɗaure mani kai. In za a bi Hausar kakanninmu, abin da ke damunmu daga Disamba zuwa Fabrairu ba sanyi ba ne, ɗari ne. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa haɗa su ba. Sanyi a wurinta na damina ne, mai laima, wanda ke tashi daga ƙasa bayan an kwana ana ruwa, ya kama gwiwa. Ɗari kuwa busasshe ne, na hunturu, shi ke fasa leɓe, ya kawo kaushi da faso, ya sa fata ta yi fari kamar an barbaɗa toka, ya sa a nemi man kaɗanya ido rufe. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, ƙurar da take ɗaukowa kuma mafi yawanta daga kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, tsohon gindin babban tafkin da ya ƙafe tun zamanin da. Da yake babu laima a sama da za ta riƙe zafin rana, da dare ya yi sai ɗumin ƙasa ya tsere. Shi ya sa a tsakiyar Janairu asubar Katsina kan sauka wajen digiri 12 ko 13, azahar kuma ta koma kusan 30. Ɗarinmu baƙon safe ne, hantsi na dubawa ya yi sallama. To da an bi ƙa'ida rigar ɗari ya kamata mu ce. Muna cewa rawar ɗari, muna cewa lokacin ɗari, amma da aka zo kan riga sai sanyi ya yi nasara. Harshe ba ya zuwa wurin malamin Hausa neman izini, na daɗe da haƙura da wannan.

Ita kakar tawa ma ba ta san wata riga ta musamman don ɗari ba. Gwado ne da luru, saƙar hannu ta auduga, masu nauyi kamar an jiƙa su. Namiji ya yafa gwadonsa a kan taguwa ya fita, in rana ta yi ya saɓa shi a kafaɗa. A ɗaki kuma kaskon wuta, yara a kewaye ana jin ɗumi, ana gasa dankali a toka. Daga baya bargon kanti ya zo ya ture gwado. (Masu rubutu a waya, don Allah ku riƙa sa wa ɓargo ƙugiyarsa. Wani abokina ya rubuto mani cewa sanyi ya shiga masa har bargo, na ce to ya sayi wani mai kauri.) Rigar sanyi irin wadda muka sani yau, gwanjo ne ya raba ta gida-gida. Ba don dilar gwanjo ba, da mai gadi da almajiri da mai shayi ba su sa abin da aka ɗinka don ƙanƙarar Kanada ba.

Wurin masu gwanjon na ja yaron washegari, bayan Yaya ta lallashi Alhaji ya yarda a ƙara wata "a kan kwat ɗin, ba a madadinta ba". A nan muka gamu da matsala ta biyu. Wa ke neman rigar sanyi a watan Agusta? Duk rumfar da muka leƙa a Babbar Kasuwa kayan yara ne da riguna marasa nauyi. Masu kayan sanyi ba sa fasa dilarsu sai kaka ta wuce, an fara jin iska ta juya. Ga shi kuma shekarar ba ta zo da sauƙi ba. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta tsaya. Kayan gwanjo dama a dokar Najeriya haramun ne shigo da su, ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suke sauka su zagayo ta maƙwabta, kowa ya san haka, kowa kuma yana sawa. Naira ma ta faɗi tun watan Yuni. Duk wanda muka tambaya sai ya haɗa mana da ƙorafin boda da dala kyauta.

Daga ƙarshe wani yaro ya raka mu wurin wani dattijo da ke da ragowar kayan bara a ɗaure cikin buhuna. Mutumin nan, wallahi, ya fi ni sanin kalmar da nake koyarwa. Da na ce rigar sanyi muke so, bai motsa ba. Ya ce, "Malam, ta ina? Ta masallaci, ta mashin, ko ta tafiya?"

Na ce ta tafiya ce, Ingila.

Ya ce, "To ku bar waɗannan." Ya ture wani tsibi da ƙafa. Ya kwance wani buhu daga can ƙurya, ya riƙa ciro su ɗaya-ɗaya yana yi mana karatu. Wannan ulu ce zalla, tana da ɗumi amma in ruwa ya dake ta sai ta yi nauyin ɗan maraƙi. Wannan mai kumburin gashin agwagwa ne a ciki, ya matse ta a tafin hannu ta koma kamar ƙullin goro, ya sake ta ta kumbura. Ya ce ba kaurin yadi ke tare sanyi ba, iskar da ta maƙale a tsakanin gashin ce ke riƙe ɗumin jikin mutum, shi ya sa in gashin ya jiƙe ya kwanta, riga ta mutu. Wannan kuma audugar roba ce a ciki, ba ta kai waccan ɗumi ba amma ba ta tsoron ruwa. Ya juya wata ya nuna mana ɗinkin ciki an bi shi da wani siririn tef, ya ce duk wadda ka ga haka, ruwa ba ya bi ta ramin allura.

Na ɗauki wata ja mai kyau na ce yaro ya gwada. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ta mata ce, Malam. Dubi maɓallin, a hagu yake. Na maza a dama." Na yi shiru ina tuno sahun asuba na masallacinmu. Allah kaɗai ya san dattawa nawa ne masu gemu da carbi ke tsayawa salla cikin rigar wata tsohuwar Baturiya. Ɗari bai san wannan ba, mu ma ba mu sani ba, kowa lafiya lau. Tun daga ranar kuwa ba na iya hana idona duba maɓallin mutane.

Muka tsaya a kan wata shuɗiya mai duhu, doguwa har cinya, mai hula da igiyar tsukewa, waje santsi, ciki audugar roba. A aljihunta muka tsinci tsohon tikitin mota da rubutun wani harshe da ba mu iya karantawa ba. Aka yi ciniki, ya yi mana sauƙi saboda ba lokacinta ba ne, ya ƙara wa yaron safar hannu. Da za mu tafi ya ce masa, "Samari, ka sa ƙananan riguna biyu ko uku a ciki, ya fi ƙatuwa guda. In ka shiga ɗaki ka rage." Mutumin da ko Abuja ban tabbata ya taɓa kwana ba.

Da muka kawo ta gida Alhaji ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya shinshina warin nan na dila, ya ce, "Yanzu ɗana zai sauka jirgi a Ingila da kayan da su suka yar?" Yaya ta ce, "Gida za ta koma, Alhaji, ai ta san hanya." Ta wanke ta sau biyu, ta turara ta da turaren wuta har sai da ƙamshin ya kama akwatin gaba ɗaya.

Ya tafi a watan Satumba. Makonnin farko hotunan da yake turowa duk cikin ƙananan kaya yake, Alhaji yana ta yi mana gori. Sai Nuwamba ta shiga. Wata ranar Lahadi ya kira ni ta WhatsApp, ƙarfe biyar na yamma a nan, rana tana nan jajir a kan katangarmu, shi kuwa ƙarfe huɗu ne a can amma har an kunna fitilun titi. Hular rigar a kansa, ya tsuke igiyar, hanci kawai da ido nake gani.

Ya ce, "Kawu, abin nan ba irin namu ba ne. Namu cizo yake ya saki. Wannan jiƙa mutum yake."

Na ce ya yi mani bayani. Ya ce yayyafi ne ba dare ba rana, ba ruwan kirki ba balle a fake a jira ya ɗauke, ga iska. Rana in ta fito ma ado ce, ba ta da zafi. Da rana digiri 7 ko 8, da dare ya kusa sifili, kuma haka zai wuni, babu wani hantsi da zai zo ya cece ka. Leɓensa bai fashe ba, ƙafarsa ba ta yi faso ba, man da uwarsa ta cusa masa a jaka yana nan bai taɓa ba. Amma wanki ya kwana uku a ɗaki bai bushe ba, sanyin kuma a gwiwa yake jin sa.

A gwiwa. Na tuna kakata. Na ce masa, "Ɗana, kai ne ka je inda sanyi yake. Mu nan ɗari muke yi." Bai gane ba, haifaffen zamanin suwaita ne, sai da na warware masa. Ya yi dariya ya ce to ashe shi kaɗai ne a zuriyarmu yake sa rigar sanyi a kan ƙa'ida. Ya ce abokan zamansa in za a fita sukan tambaye shi ina kwat ɗinsa, shuɗiyar nan suke nufi. Ranar farko har ya buɗe kabad zai ciro ta tela.

Yaya kuwa har yau in ya kira, kafin ta tambayi karatu ko abinci, tambayarta ɗaya ce: "Kana dai sa rigar sanyin?" Ba ta taɓa cewa kwat ba, ba ta taɓa cewa jaket ba. A watan Yuli ma, da ya ce mata zafi ake yi har mutane suna kwanciya a ciyawa, cewa ta yi ya dai riƙa yawo da ita a hannu.

Kwat ɗin Alhaji ta yi wata tara a rataye. Sai ranar da yaron zai gabatar da aikin bincikensa a gaban malamai ya ciro ta, ya goge, ya sa. An tashi da ruwa ranar, don haka ya ɗora shuɗiyar a kai har ƙofar zauren, ya tuɓe ya rataye. Wani ya ɗauke shi hoto a ciki, baƙar kwat, kafaɗa a miƙe, maɓalli biyu. Hoton ya iso Katsina kafin la'asar. Bayan magariba sai ga Alhaji da kansa a ƙofar gidana, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mani wayar.

"Malam, duba nan. Wace ce a jikinshi?"

Na ce kwat ce, Alhaji.

Ya ce, "To. Ina ta gwanjon taku?"

Na ƙara girman hoton da yatsa. Can bayan yaron, a jikin ƙofa, ga hannun shuɗiyar nan yana leƙowa, har da ɗigon ruwa a ƙasa. Na dubi Alhaji, na dubi hoton, na mayar da shi yadda yake na miƙa masa wayarsa, na ce a kawo masa shayi.